Albashin Turai da namu: yadda za ka auna da kanka kada canji ya ruɗe ka

Duk ranar da wani ya turo hoton takardar albashi daga Faransa ko Jamus a gurup ɗin WhatsApp abu ɗaya samari ke yi, kowa ya zaro waya ya buga da 656, wato canjin yuro ɗaya a sefa, sai ka ji majalisa ta ɗau salati, wai mai share titi a Paris ya fi darakta a Garwa. Can gefe kuma wani dattijo ya ce ku rabu da su, ai can komai wuta ne, mu nan da jaka biyu, wato sefa dubu biyu, sai ka ci ka ƙoshi har ka yi sadaka. Kowannensu ya kama wani gefe na gaskiya ya saki sauran. Masana tattalin arziki sun daɗe da fito da hanyar raba wannan gardama, su ba su tambayar kuɗin nawa ne in an canza, tambayarsu ita ce me kuɗin ke saya a inda ake kashe shi. Wannan shi ne ma'aunin saye, a tebur ɗin Bankin Duniya za ka ga an rubuta shi PPP, a takardun Faransanci PPA. Wani masani ɗan Suwidin, Gustav Cassel, shi ya yayata tunanin tun 1918. Kuma ba sai ka yi jami'ar Marwa ko ta Ngaundere ba kafin ka iya, biro da takarda da kalkuletar waya sun isa.

Mataki na farko: buga da canjin kasuwa, amma ka san iyakarsa

Sefa ɗinmu ta BEAC a ɗaure take da yuro, yuro 1 daidai da sefa 655.957, ko a Kamaru kake ko a Cadi ko Gabon. Dala ce ke hawa da sauka, shekarun nan tana yawo kusa da 600, wani lokaci sama wani lokaci ƙasa.

Mu ɗauki mafi ƙarancin albashi don shi ne doka ta rubuta, ba jita-jita ba. A Faransa a Nuwamba 2024 an sa yuro 1,801.80 a wata kafin a cire kuɗin inshora da fansho, abin da ke shiga hannu wajen yuro 1,426. Ka lura da wannan tun yanzu, kullum ka tambayi abin da ke shiga hannu, don masu turo hoto sun fi son nuna babbar lamba ta sama. A Kamaru dokar 2023 ta sa sefa 60,000 ga ma'aikatan kamfanoni masu zaman kansu, 45,000 ga ɓangaren noma. A Cadi 60,000 ne tun 2011. To 1,426 sau 656 ya ba ka wajen sefa 935,000, ka raba da 60,000, ninki 15 da ɗoriya ke nan.

Wannan lamba gaskiya ce a wuri ɗaya kawai: ranar da kuɗin ya baro can ya sauko nan. In yayanka ya turo yuro 100, to sefa 65,000 da wani abu ce kafin a cire kuɗin aike. Amma albashinsa ba a kasuwar Garwa yake kashe shi ba, a Lyon yake biyan haya.

In kana son ganin yadda canji ke ruɗi, tambayi iyayenmu labarin Janairun 1994. An kwana faran ɗin Faransa ɗaya na sefa 50, aka wayi gari ya koma 100. A lissafin kuɗin waje kowa ya rasa rabin arzikinsa dare ɗaya, amma dawar da ke rumbu ba ta ragu da ƙwaya ɗaya ba, mai aski bai ninka kuɗinsa washegari ba, kayan da ake shigowa da su ne suka fara tashi, magani, kayan gyaran mota, fulawa, daga baya sauran suka bi a hankali. Haka muka gani da Najeriya bayan Yunin 2023 da aka saki naira, daga wajen 460 a dala ta wuce 1,500 a 2024. 'Yan kasuwarmu masu shiga Mubi da Yola ko masu ƙetarawa ta Fotokol zuwa Gamboru sun ga jaka ɗaya tana kawo naira mai yawa, suka yi ta sari da araha na ɗan lokaci kafin tsadar kaya ta biyo baya ta cinye wani ɓangare na garaɓasar.

Mataki na biyu: mai da farashi ya koma awannin aiki

Ni a ganina wannan ne matakin da ya fi amfani ga talaka, don babu ruwansa da canji sam. Ka raba albashin wata da awannin aiki. A Faransa sati awa 35 ne, wata ya kama wajen awa 152, kowace awa yuro 9.40 ke nan a hannu. A Kamaru sati awa 40, wata wajen awa 173, kowace awa wajen sefa 350 ga mai 60,000. Yanzu sai ka ɗauko kaya ɗaya ɗaya ka tambaya, minti nawa zan yi aiki kafin in saye shi?

Farashin da zan sa a nan na misali ne, kai ka sa na unguwarku, na can kuma ka tambayi wanda ke zaune can ko ka duba shafin manyan kantunansu.

Burodi dogo: a ce 150 a nan, a ce yuro 1.20 a can. Kai minti 26 za ka yi, shi minti 8. Aski: a ce 500 a nan, a ce yuro 15 a can. In ka buga da canji sai ka ce innalillahi, aski kusan jaka goma! Amma a awanni fa? Kai awa ɗaya da rabi, shi ma awa ɗaya da rabi da 'yan mintoci. Kunnen doki. Fetur: farashin gidan mai a Kamaru ya koma 840 a lita a Fabrairun 2024, a Cadi 730 a wannan watan dai, a ce can yuro 1.80. Kai awa biyu da kusan rabi a kan lita ɗaya, shi bai kai minti 12 ba, shi ya sa zuwa-zuwa, fetur ɗin Najeriya da ake sayarwa a kwalba, ba ta rasa masu saye a bakin titi ko da Najeriya ta cire tallafi a 2023 ta yi tsada. Waya mai jaka ɗari: shi aikin kwana biyu da ɗan ƙari, kai aikin wata ɗaya da sati uku ba ka ci ba ba ka sha ba. Haya: a ce ɗaki 15,000 a Garwa, kwata na albashi ke nan, a ce ɗan ƙaramin ɗaki yuro 600 a gefen Paris, ya haura kashi 40 cikin ɗari na nasa. Nan kam shi ne ke kuka.

Da ka jera su za ka ga sun rabu gida biyu da kansu. Akwai abin da ake iya lodawa a kamiyo ko jirgi a kai ko'ina, waya, mashin, siminti, fetur, magani, shinkafar waje, taki. Farashinsu kusan ɗaya ne a duniya, wani lokaci ma mu muka fi biya don daga tashar ruwa ta Duwala sai kaya ya hau jirgin ƙasa zuwa Ngaundere ya sake hawa kamiyo ya bi ta Garwa da Marwa har Kusseri kafin ya haye gadar Ngeli ya shiga Njamena, kowane shinge da abin da ake ajiyewa, duk a kan mai saye yake ƙarewa. Sai kuma abin da ba ya loduwa: aski, ɗinki, haya, goyon mashin, aikin birkila, wankau, ɗan tsire. Ba wanda zai hau jirgi daga Marseille don ya zo Marwa aski, saboda haka farashinsu na bin albashin gari ne. Wannan shi ne sirrin da ya sa ƙasashen talakawa ke da araha, arahar daga gumin mutane take fitowa, mai askin da ya karɓi 500 ɗinka shi ma a wannan kasuwar zai sayi waya. Masana biyu, Balassa da Samuelson, sun yi bayanin wannan tun 1964.

Mataki na uku: haɗa kwandonka

Yanzu rubuta duk abin da mutum ɗaya ke kashewa a wata. Mu ce gwauro a Garwa: ɗaki 15,000, abinci 30,000, kuɗin mashin 9,000, kiredi da data 3,000, wuta da ruwa 4,000, aski da sabulu da wanki 4,000. Jimla 65,000, ka ga ma tuni ya haura albashin, wannan kuma wani zance ne. Gwauro a Lyon, a ce: ɗaki 500, abinci 250, katin bas 70, waya 15, wuta da ɗumama ɗaki 60, ƙananan abubuwa 45, jimla yuro 940. Ka raba 65,000 da 940, sai ya ba ka 69. Wato wai sefa 69 a nan na yin aikin yuro ɗaya a can.

Kada ka yi saurin tura wannan a gurup, akwai rami a ciki, kuma a nan ne mafi yawan masu gardama ke faɗawa. Ɗakin 15,000 bayan gida a waje yake ana rabawa da gida biyar, ruwa sai mai ga-ruwa ko layin famfo, in watan Afrilu ya zo kwano ya ɗau zafi sai kwanan tsakar gida. Ɗakin yuro 500 da bayi a ciki, da ruwan zafi da na sanyi, da kicin, wuta ba ta ɗaukewa. Abincin 30,000 tuwon dawa ne da miyar kuka ko yakuwa, nama sai jefi-jefi, na yuro 250 da kaza da madara da 'ya'yan itace. Ka gwada abu biyu da ba iri ɗaya ba. In ka auna gero da kwanon da ya fi na maƙwabcinka ƙanƙanta ai dole ka ce ka fi shi yawan kwano.

Gyaran shi ne ka sake lissafin kama da kama. Nawa ne ɗaki da falo mai tayil da bayi a ciki da famfo a unguwa mai kyau a Garwa? A ce 50,000. Abinci irin wancan, a ce 80,000. Wutar da za ta ja fanka da firji, da janareta ko sola don ranar da aka ɗauke, a ce 25,000. Zirga-zirga 20,000, intanet mai ƙarfi 15,000, sauran 10,000. Jimla 200,000. Raba da 940, ya koma wajen 213. Ka ga lamba ta ninka uku don kawai ka yi adalci.

Akwai kuma matsalar da ba ta da cikakkiyar mafita, abin da muke ci ba shi suke ci ba. Muskwari da busasshen kifin Logon babu su a kantin Lyon, in ma ka samu a shagon 'yan Afirka da tsadar gaske, cuku da giyar inabi kuma su ne kayan alatu a nan. In ka auna da kwandonmu amsa daban, in ka auna da nasu amsa daban, masana kan yi duka biyun ne su ɗauki tsakiya, kai ma yi haka in kana da haƙuri. Kuma ka rubuta watan da ka ɗauki farashi, don buhun dawa a Agusta lokacin da rumbu ya yi ƙasa ba ɗaya yake da na bayan girbi ba.

Mataki na huɗu: gwada lissafinka da na hukuma

Wannan aikin kwandon akwai masu yinsa da gaske, shirin kwatanta farashi na ƙasa da ƙasa, ICP, wanda aka fara a 1968, yanzu Bankin Duniya ke jagoranta, Bankin Raya Afirka kuma ke kula da ɓangarenmu. Ma'aikatan ƙididdiga na kowace ƙasa, INS a Kamaru, INSEED a Cadi, su ke shiga kasuwanni suna rubuta farashin ɗaruruwan kaya iri ɗaya. Zagayen 2021 ya haɗa ƙasashe 176, aka fitar da sakamako a 2024. Mujallar The Economist ma tana da nata ɗan wasa tun 1986, tana kwatanta farashin burodin naman McDonald's a ƙasashe, amma mu ba mu da shagon a Kamaru ko Cadi ko Najeriya, don haka rabu da shi.

Shiga shafin bayanan Bankin Duniya ka rubuta PPP da sunan ƙasarka. Za ka ga lamba iri biyu, ɗaya ta dukan tattalin arzikin ƙasa, ɗaya ta cefanen gidaje, in albashi kake aunawa ta biyun ta fi dacewa. Ta Kamaru a shekarun nan tana kusa da sefa 200, ma'ana abin da dala ɗaya ke saya a Amurka, sefa wajen 200 na sayensa a nan, alhali a canji dala na kusa da 600. Ta Faransa wajen yuro 0.7. Ka raba 200 da 0.7, wajen 285 ke nan a kan kowane yuro. To sake buga albashin nan: 1,426 sau 285, wajen sefa 406,000. Wato mai mafi ƙarancin albashi a Faransa rayuwarsa ta yi kama da ta mai ɗaukar jaka ɗari huɗu a Kamaru, ba jaka ɗari tara ba. Tazara ta sauko daga ninki 15 zuwa wajen ninki 7.

Haka abin yake in ƙasa da ƙasa kake kwatantawa. A 2023 in aka raba abin da Kamaru ta samar da yawan jama'arta, kowa ya tashi da wajen dala 1,700 a canjin kasuwa, a ma'aunin saye kuma ya haura dala 5,000. Na Amurka ya haura dala 80,000. Da canji ninki kusan 50, da ma'aunin saye wajen 15. Samarin majalisa sun yi zuzutawa, dattijon ma ya yi sassauci da yawa, don ninki 7 ko 15 ba abin wasa ba ne. Da wannan ma'aunin ne kuma ake cewa tattalin arzikin Sin ya wuce na Amurka, Indiya ta zo ta uku, alhali a canjin kasuwa Amurka ce har yanzu a gaba.

Wani wurin da rediyo ke rikita mutane shi ne layin talauci. In ka ji an ce dala 2.15 a rana, ko dala 3 da Bankin Duniya ya koma kai a Yunin 2025, ba dalar 'yan canji ake nufi ba, ta ma'aunin saye ce. Kada ka buga 3 sau 600 ka ce 1,800, da 200 ɗin nan za ka buga, wajen 600 ke nan a farashin 2021. Kamaru na da nata layin daban, binciken gidaje na INS na 2021 zuwa 2022 ya sa sefa 813 a rana ga baligi, ya kuma samu kashi 37.7 cikin ɗari na jama'a suna ƙasa da shi.

Mataki na biyar: abin da lambar ke ɓoyewa

Wannan 37.7 ɗin na ƙasa gaba ɗaya ne. A binciken nan dai, jihar Arewa Mai Nisa kusan mutum 7 cikin 10 ne ke ƙasa da layin, jihar Arewa wajen 6 cikin 10, Duwala kuwa bai kai 1 cikin 10 ba. To duk wanda ya ce maka matsakaicin ɗan Kamaru na samun kaza, tambaye shi na unguwar Bonanjo a Duwala yake nufi ko na Mora a Arewa Mai Nisa. Ikwatoriyal Gini sefa ɗaya muke kashewa da su, lambarsu ta kowane mutum ta ninka tamu sau da yawa saboda man fetur da ƙarancin jama'a, amma raba kuɗi a takarda daban, raba shi a aljihu daban. Cadi ma mai take haƙowa tun 2003, bututun Doba ya ratsa Kamaru har Kiribi, ka je ƙauyen Mayo Kebbi ka tambaya.

Sannan shi kansa 60,000 ɗin, mutum nawa ka sani da ke ɗaukarsa da takarda? Mafi yawanmu manoma ne da 'yan tireda da 'yan mashin da masu kiwo. Manomin auduga sau ɗaya yake ganin kuɗi mai kauri a shekara, amma hatsin da ya noma ya ci shi ma samu ne, sai ka ƙiyasta shi da farashin kasuwa ka ƙara a lissafi, in ba haka ba za ka mai da shi matalaucin da ya fi yadda yake. Ka kuma raba da yawan bakin da ke ci. Albashi ɗaya a kan mutum tara ba ɗaya yake da albashi ɗaya a kan mutum biyu ba, wannan kaɗai kan juya lissafi.

Akwai kuma abin da mutum ke samu ba daga aljihunsa kai tsaye ba. Kuɗin da aka cire wa ma'aikacin Faransa kafin albashi ya shigo hannunsa yana cikin abin da ke biyan kuɗin asibitinsa da fanshonsa da ɗan abin da za a ba shi in aiki ya ƙare. Mu nan in ciwo ya zo da dare kowa ya san yadda ake yi, a kira 'yan'uwa, a sayar da tunkiya, a je farmasi da takardar likita a ce a ba ni rabin maganin tukuna. Saboda haka ka ajiye wasu lambobi kusa da na kuɗi: tsawon rai a Faransa ya haura shekara 80, a Kamaru sittin da 'yan kai, a Cadi hamsin da 'yan kai, wutar lantarki kuwa a Cadi wajen mutum ɗaya cikin goma ne ke da ita. Ma'aunin ci gaban ɗan Adam da Majalisar Ɗinkin Duniya ke fitarwa tun 1990 haka yake yi, yana haɗa samu a ma'aunin saye da tsawon rai da karatu. Abin da mu muke da shi su ba su da shi, kakar yara da ke riƙe su kyauta, maƙwabcin da zai ranta maka ba ruwa, shi ma babu shi a tebur, kuma wanda ya biya kuɗin renon yaro a Turai ya san darajarsa.

In tafiya ce a ranka ko wani naka ne a can

Nan lissafi biyu za ka yi a jere. Abin da zai kashe can, da farashin can. Abin da ya rage bayan haya da abinci da bas da takardu, shi kaɗai ne za ka buga da 656. A misalinmu 1,426 a cire 940 saura 486, wajen sefa 319,000, in bai yi ciwo ba, bai sayi rigar sanyi ba, bai tara kuɗin jirgin zuwa gida ba, kuma in yana da takardar izinin aiki da cikakkun awanni, don marar takarda ba ya cikin wannan lissafin sam, abin da mai aikin ya ga dama shi zai miƙa masa. Masu aiki a Saudiyya ko Dubai su tambaya tun kafin su sa hannu ko ɗaki da abinci na kan mai aiki ne, don ƙaramin albashi mai ɗaki kyauta kan bar wa mutum saura fiye da babba marar shi, kuma su cire bashin dillalin da ya kai su, wata nawa za a yi ana biya.

Su kuma na gida, kafin Hajiya ta ce yaron nan miliyan yake ɗauka amma jaka hamsin yake turowa, a zauna a nuna mata lissafin sauran, ba na albashin ba. Lambobin nan duk suna motsi, mafi ƙarancin albashin Faransa kusan kowace shekara ake taɓa shi, dala na hawa da sauka, Bankin Duniya na sabunta teburinsa, saboda haka ka rubuta shekara a gefen kowace lamba, kuma kada ka haɗa albashin bana da farashin shekara uku da suka wuce.